Askin da Na Yi wa Maibargo

A Agadas na fara sanin cewa na bar gida da gaske. Har Damagaram ban ji baƙunta ba, don Hausarsu tamu ce, furarsu ma ba ta da maraba da ta Daura. Amma da muka sauka tashar Agadas, na ga maza sun naɗe fuska sai ido, kowa na yaren da ban taɓa ji ba, sai na rungume zabirata na nemi gindin bango na zauna. Sunana Haruna. Wanzami ne ni, ɗan wanzami, jikan wanzami. A shekarun da aka fara shari'a a jiharmu sana'ar ta gama juya mini baya: samari sun koma shagunan aski masu inji da madubi, kaciya an fi kai ta asibiti, ni sai tsofaffi da ƙaho jefi-jefi. Na bar matata Rabi da goyo a hannun mahaifiyata, na ce Libiya za ni, shekara ɗaya tak in dawo.

A tashar wani mutum ya same ni, fari siriri, da carbi a hannu. Ya ce shi Bakatsine ne, jin maganata kawai ya tuna masa gida. Ya saya mini shayi. Ya ce yana da motar da za ta kai ni har Sabha ba sauka, kuma don zumunci gidan gaba zai sa ni, kusa da direba. Na ƙirga kuɗin mota har Sabha na ba shi, na yi ta sa masa albarka har da ɗaga hannu sama. Ranar tafiya na tarar da gingimari an lafta mata buhuna da jarkoki, mutane sun yi cincirindo a bisa, gidan gaban kuwa awakin direba ne guda biyu a ciki. Bakatsinen nawa ko ƙurarsa ban gani ba. Da muka isa Dirku direba ya ce in sauka, iyakar inda aka yi ciniki da shi ke nan. Har yau in na ga mai yawan jan carbi a tasha sai na dafe aljihu, Allah ya yafe mini.

Wata biyu na yi a Dirku. Gari ne da ba wanda yake zuwa don shi, sai dai mutum ya maƙale. Zafin wurin ba irin namu na bazara ba ne da za ka ce bari in shiga gindin dalbejiya in huta. Can ba dalbejiyar, kuma iskar kanta ƙuna take. Nan askata ta ciyar da ni. Duk matafiyin da rana ta gasa, abin da yake fara nema shi ne a sauke masa suma. Sai in shimfiɗa buhu a bayan rumfar wani mai shayi, in jiƙa kai, in bi shi da aska tas, mutum ya shafa ƙeyarsa ya ce, "Alhamdu lillahi, kamar an sauke mini kaya." Na aske Hausawa, na aske mutanen Gana, na aske Tubawa masu motoci. Akwai wata tsohuwa cikin Tubawan da kullum da la'asar take kawo mini dabino a ɗan kwano, ta ajiye ta wuce. Ba ta jin yarena, ba na jin nata, ban kuma san abin da ta gani a fuskata ba. Sunanta ma ban sani ba, amma ba ta taɓa fita daga addu'ata ba.

Wani direba da na saba yi wa aski shi ya ɗauke ni ƙarshe, muka bi ta Gatrun, muka shiga Sabha ina ganin bibbiyu don yunwa. Kwana shida na yi ina tsayuwa bakin titi tare da sauran baƙaƙen fata, ana jiran wanda zai tsaya da mota ya ɗebi masu ɗaukar bulo. In mota ta tsaya, ƙarfafa ake zaɓa. Ni da hannuna bai san komai ba sai aska, ko kallona ba a yi.

A rana ta bakwai ina wucewa ta bayan kasuwa na ji an ce, "Kai, mai zabira."

Wani tsoho ne a gindin bango, takalma zube a gabansa, bai ko ɗago daga ɗinkin da yake yi ba. "Ɗinkin jakar nan na Daura ne," in ji shi. "Ɗan gidan wa?"

Na faɗi sunan mahaifina. Ya ajiye basilla ya ƙare mini kallo. "Ubanka ne ya yi wa ƙanena kaciya. Zauna. Ka ci abinci yau?"

Shi ne Baba Ilu, baduku, mutumin Sandamu, shekararsa talatin a garin. Ya ba ni wurin kwana a ɗakin da yake haya, inda wasu Hausawa huɗu suke raɓe. Bakinsa ba ya shiru da tsiya, amma hannunsa a buɗe yake. Bayan kwana biyu ya dawo daga kasuwa ya ce, "Wanzam, na samo maka aiki. Sai dai ka cire girman kai ka zuba a zabira kafin ka tafi. Mutum uku sun gudu daga gidan."

"Mai gidan mugu ne, Baba?"

"A'a. Je ka dai ka gani."

Mai gidan wani Bature ne dattijo, dogo, kansa fari fat, likita a asibitin garin. Daga wata ƙasar ƙanƙara ya zo, sunansa ya fi ƙarfin harshena, don haka Likita nake ce masa. Larabcinsa gurgu ne, nawa na makarantar allo da na tasha ya fi nasa gurguntaka, amma da hannu da ka muna fahimtar juna. Ya nuna mini tsakar gida, ya nuna mini famfo, sannan ya buɗe wani ɗaki. A ƙasa na ga wani abu kwance da na fara zaton tulin barguna ne, sai da ya ɗago kai. Kare ne, girmansa ya kai ɗan maraƙi, gashi fari da toka-toka ya lulluɓe shi har ido. Harshensa a waje, cikinsa na hawa da sauka kamar zugazugin maƙeri.

Likita ya durƙusa ya shafa kansa. Da ƙyar na haɗa labarin. Karen matarsa ne, ita kuwa ta rasu bara. Ba su da ɗa, ba wanda zai bar wa shi, sai ya taho da shi lokacin sanyi. Tun da zafi ya shigo karen yake lalacewa. Aikina in share gida, in kula da shi in Likita ya tafi asibiti.

Gaskiya raina ya ɓaci. Ni da manyan mutane suke miƙa wa kai a Daura, yau na ƙetare sahara don in zama baran kare. A wurinmu kare na mafarauta ne da makiyaya, wurinsa waje, ba wanda yake shigar da shi ɗaki balle ya yi masa magana kamar mutum. Amma yunwar bakin titi ba ta gama fita daga jikina ba, sai na ce to.

Lokacin ba waya a hannun kowa, kaset muke ɗauka mu ba masu tafiya gida. A nawa na ce wa Rabi ina aiki a gidan likita, na tsaya nan, na bar ta ta ƙarasa sauran da kanta. Da amsa ta zo, muryar mahaifiyata ce ta fi yawa. Ta ce gari ya gyaru, an rufe gidajen giya, masallatai sun cika, kowa ya shiga taitayinsa. Ta ce, "Haruna, ka kiyaye sallarka, ka kiyaye tsarkinka a ƙasar mutane." Ina jin wannan kwanon abincin kare na hannuna.

Na kiyaye ɗin iyakar iyawata. Na ware kayan aiki daban, na salla daban. Kwanonsa da sanda nake tura masa. Shi kuwa bawan Allah bai taɓa yi mini haushi ba, bai da ma ƙarfin yi. Wata rana da azahar na kunna kaset ɗin karo na ban san adadi ba, na kai wurin da 'yata take gwaranci a bayan muryar Rabi, sai hawaye ya ƙwace mini. Ina sharewa na ji numfashi kusa da ni. Karen ne ya jawo jiki daga inda yake, ya kwanta ya aza haɓarsa a ƙasa dab da ƙafata, bai taɓa ni ba, yana dai kallona ta cikin gashin nan. Na ce masa da Hausa, "Kai ma kewar gida kake? Ni dai da ƙafata na zo. Kai ko shawara ba a yi da kai ba." Ya buga wutsiya sau ɗaya. Daga ranar na raɗa masa suna Maibargo, na kuma jefar da sandar.

Dabarar Likita ita ce a kulle shi a ɗaki mai na'urar sanyi. Amma wuta a unguwar ba ta da alkawari, ta fi son ɗaukewa da tsakar rana, sai ɗakin ya zama tanda. Ko da wutar ma, Maibargo ba ya son ɗakin. Yana ta kartar ƙofa yana kuka har sai na buɗe, kuma da ya fito wuri ɗaya yake nufa, bakin ƙofar gida, inda yake jin ƙarar motar maigidansa in ya dawo. Wurin kuwa ba inuwa ko ta tafin hannu. In ja shi ciki, ya koma. Da zafi ya tsananta ya daina cin abinci. In ka shafa shi ta cikin gashin sai ka ji haƙarƙari ɗai-ɗai.

Ana haka tafiya ta kama Likita zuwa Tarabulus, mako uku. Da safen da zai tafi ya kira ni kicin, ya buɗe firji, ya nuna mini wata 'yar kwalba da ya ɓoye a bayan ƙwai. Ya yi alamar allura da yatsa, ya kwantar da kumatunsa a tafin hannu, ya rufe ido. Ya ce in ya dawo ya tarar da karen a haka, zai yi masa ita, ya yi barcin da ba tashi. Ya ce barinsa cikin wannan azaba haramun ne, kalmar da duk mu biyu muka sani. Ya fita ya shafa kan Maibargo, ya shiga mota, bai waiwayo ba.

Kwana biyu ina zaune ina kallon karen yana haki, ina lissafin cewa kwanansa ashirin da ɗaya ne a duniya in ban yi wani abu ba. Sai ranar Juma'a da safe dabara ta faɗo mini, har na ji haushin kaina da ban tuna da wuri ba. Mene ne ciwonsa? Zafi. Me yake kawo masa zafin? Gashi. To ni wane ne? Likita da duk karatunsa bai gano abin da kowane matafiyi a Dirku ya sani ba.

Na wasa askata har tana ɗaukar ido. Na fara rage gashin da almakashi, na jiƙa da sabulu, na ce bismilla. Maibargo ya kwanta mini luf, ko motsi bai yi ba, kamar ya san hannun gado ne a kansa. Daga wuya har gindin wutsiya, da gefe da gefe, na bi shi tas, ko ƙwarzane ban yi masa ba. Kai da ƙirji da ƙafafu na bari sai wani jiƙon. Gashin da ya fita ya cika buhu. Fatar da ta bayyana ja-ja ce mai laushi, irin ta ɗan ɓera sabon haihuwa. Ya miƙe, ya girgiza jiki, har da ɗan sassarfa a tsakar gida. Na ce, "Ka ji daɗi ko? Ai da ma ba a kawo ka wurin masu abin ba." Na yi wanka, na sa farar rigata ta salla, wadda aka ɗinka mini a Daura, na bar shi a tsakar gida ya sha iska, na tafi masallaci ina jin kaina.

Da aka sauko ban wuce gida ba, na biya wurin Baba Ilu don in ba shi labari. Yana sauraro yana murmushi har na kai wurin askin, sai murmushin ya ɗauke.

"Ina ka bar shi?"

"A tsakar gida, Baba."

"Tashi mu je."

Ban taɓa ganin tsohon yana sauri haka ba. A hanya ya ce, "Waɗanda ka aske a Dirku, in ka gama, haka suke shiga rana da kai tsirara?"

"A'a, rawani suke mayarwa, ko hula."

"To shi wa ya naɗa masa? Ka taɓa ganin Buzu ya tuɓe riga don zafi? Ƙara lulluɓewa yake. Gashin nan shi ne rawaninsa, ɗan nan, kai kuma ka kware masa shi."

Muna tura ƙofa muka same shi inda na san za mu same shi, kwance a bakin ƙofa cikin tsakiyar rana, yana jiran mota. Bayansa ya yi jawur, zafi na tashi daga fatar kamar an sauke tukunya. Kafin magariba ta yi bororo, wasu wuraren sun fashe suna ruwa. Abin da ya fi ci mini rai, da ya gan ni sai ya kaɗa mini wutsiya.

Na zauna a ƙasa na dafe kai. Baba Ilu ya ce kuka ba magani ba ne, in kawo ruwa mai sanyi da tsumma mai tsabta. Ya koma ɗakinsa ya dawo da wani ɗan gwangwani na man kaɗanya da aka kawo masa tsaraba daga gida, wanda yake tattali don faso. Ya miƙo mini daga nesa ya ce shi dai ba zai taɓa ba, ni na ɓata, ni zan shafa. Sannan ya ce dole a rufe fatar da farin ƙyalle mara nauyi. Muka duba gidan, ba komai sai tawul masu kauri. Ya dubi rigar jikina, na dube ta. Na tuɓe na ba shi.

A nan tsakar gidan ya yanka ta ya ɗinka, da wurin wuya da igiyoyi a ciki. Yana ɗinki yana mita. "Shekara talatin ina wannan sana'a, na yi wa Larabawa, na yi wa sojoji, yau ga ni telan kare. In ka faɗa a Sandamu ban yafe ba."

Rigar ta rufe shi, amma matsalar tana nan: ba zai bar bakin ƙofa ba. Ko na ɗaure shi a ciki, kuka zai yi ta yi yana fizga har ciwon ya buɗe. Washegari ina tsaye ina tare masa rana da tabarma, hannuna ya gaji, sai na tuna gidan kakannina na wajen uwa a wani ƙauye kusa da Zango. Akwai randa a gindin rumfa, an kafa ta cikin yashi, kullum tana tsatsafa. Da rana ta take, karen gidan nan yake zuwa ya tona gindinta ya kwanta. A kore shi da muciya, a juya baya ya dawo. Duk gidan ba wurin da ya kai nan sanyi, shi kuwa ya riga kowa sani. Na ce to, tun da Maibargo ba zai je wurin sanyi ba, bari sanyin ya zo ya same shi.

Na tona rami a gefen ƙofar, zurfinsa ya kusa gwiwa, na cika rabinsa da yashi mai laushi na jiƙa shi sharkaf. Na roƙi ganyen dabino a wata gona na kafa rumfa a kai. Ta ɓangaren da iska take shigowa na rataya buhunan algarara, ina watsa musu ruwa, iskar da ta ratso sai ta fito da sanyi-sanyi. Randa ce ta gagara, don a garin kowa firji yake so. Da yamma sai ga Baba Ilu da tasa a baro, wadda wasu matan Sudan suka gina masa, ita ce abin alfaharinsa a ɗakin nan.

"Aro ne," in ji shi. "Kuma kada ya sa mini baki a ciki."

Na ɗora ta a kan duwatsu uku a bakin ramin. Maibargo ya sunsuna, ya shiga, ya juya sau biyu, ya tona kaɗan, ya kwantar da cikinsa a kan danshin. Daga nan yana ganin ƙofa.

Kwana uku ban ga canji ba. Zazzaɓi ya kama shi, ko ruwa ba ya ɗaga kai ya sha. Sai na riƙa ɗiba a tafin hannu ina kai masa baki, yana lasa a hankali. Ranar farko da harshensa ya taɓa hannuna sai muryar mahaifiyata ta dawo mini. Na tambayi Baba Ilu, don ya yi karatu gwargwado kafin ya bar gida.

Ya ce, "Ruwa ya ƙare ne a famfon? Ka wanke hannunka, ka canza riga, ka yi sallarka. Mai rai ne, kuma kai ka ja masa. Kana ganin in ka bar shi ya mutu da ƙishirwa don kada hannunka ya ɓaci, shi ne ba za a tambaye ka ba?"

Su kuwa abokan kwanana shawararsu ɗaya ce: in gudu kafin Bature ya dawo. Suka ce ba ni da takarda, in ya ga abin da na yi wa karensa ya kira 'yan sanda, sai dai a ji labarina. Ba ƙarya suka faɗa ba. Sau biyu ina haɗa zabirata. Amma yashin nan sau biyar yake son ruwa a yini, buhunan sun fi haka, kuma duk garin ba wanda zai yi in ba ni ba. Sai in kwance kayan in ɗauki bokiti.

A rana ta biyar na jiƙa burodi cikin madara mai tsami, na ajiye masa bayan sallar asuba, lokacin da gari bai ɗau zafi ba. Na juya ina shara, sai na ji ƙarar kwano yana gogar ƙasa. Ya cinye, yana bin kwanon da harshe. Wallahi da akwai wanda zan runguma a wurin da na rungume shi.

Daga nan na fara koyon abin da ya kamata in fara da shi. Abinci sai da sanyin safiya da bayan faɗuwar rana. Ruwan sanyi a ciki da tafin ƙafa ake shafa masa, ba a baya ba. Gashin da ya rage na riƙa bi da mashaci kullum, sai ga wani laushi-laushi kamar auduga yana fitowa daga ƙasa tuli-tuli, na sama yana nan. Ashe shi ne abin cirewa, ba kuma da aska ba. Da ya sami ƙarfin tafiya muka riƙa zagaya unguwa da sassafe, ni ba takalmi, don in ƙasa ta fi ƙarfin ƙafata to ta fi ƙarfin tasa, sai mu juya. Baba Ilu har takalman fata huɗu ya ɗinka masa ba tare da na roƙa ba. Maibargo ya yi taku uku da su yana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake ƙaya, ya zauna ya cire, ya cinye ɗaya. Tsohon ya yi kwana biyu ba ya yi masa magana.

Ciwon ya bushe ya yi ɓawo, gashi ya fara tsirowa kamar gemun kwana huɗu. Amma ni ban san ko wannan zai ishi Likita ba. Kullum na buɗe firji sai idona ya sauka a kan kwalbar nan.

Ya dawo saura kwana biyu a kan yadda ya ce, da tsakar rana. Ina can ta bayan ɗakunan ina tarar ruwa, ƙarar famfo ta hana ni jin motar, wadda ma ta haya ce, ba tasa ba. Na zagayo da bokiti sai na gan shi tsaye a bakin ƙofa, jakarsa yashe a ƙasa, fuskarsa ba jini. Na bi inda yake kallo. Maibargo na kwance a gefensa cikin rami, naɗe da farin ƙyalle, ido rufe, baki rufe, ba haki, ba motsi. Watanni ke nan Likita bai ga karen nan da baki a rufe ba.

Kafin in ajiye bokitin ya zube a kan gwiwoyinsa a bakin ramin. Ya fara magana da yarensu ƙasa-ƙasa, yana maimaita wani suna da na tabbata ba na karen ba ne, kafaɗunsa na rawa. Larabcina kaf ya gudu. Da Hausa na ce, "Barci yake, Likita. Wallahi barci yake."

Maibargo ya buɗe ido ɗaya. Wutsiyarsa ta bugi yashi, ta sake bugawa, sai ya yi wuf ya miƙe ya faɗa kan tsohon, suka tafi ƙasa tare. Na kau da kai, don ba kyau ka tsaya kallon dattijo yana kuka.

Da ya nutsu ya lura da rigar. Ya kwance igiyar ya ɗaga, ya ga ɓawon ciwo da tabo da guntun gashi. Ya daɗe yana dubawa da yatsunsa na likita, ya shinshina man kaɗanyar. Ya ɗago ya tambaye ni wa ya yi wannan. Na shiga na ɗauko askata na ajiye a gabansa, na ce ni ne. Ya dubi askar, ya dube ni, ya kira ni jaki da Larabci. Wannan kalmar ma duk mun san ta, kuma ban musa ba.

Sannan ya tura hannu cikin yashin. Ya taɓa jikin randar, ya tsaya a bayan buhunan ya ji iskar da take ratsowa. Ya aza kunne a ƙirjin karen ya saurara. Ya miƙe ya shige cikin gida. Na ji ƙarar buɗe firji. Ya fito da kwalbar a hannu, ya wuce mu, ya je wurin magudanar ruwa, ya fasa bakinta ya tsiyaye ta tas, ya bi da ruwan bokitina.

Ya dawo ya cire takalmi da safa, ya zauna a bakin ramin, ya nutsa ƙafafunsa cikin danshin kusa da Maibargo. Ya nuna randa. Na ɗebo masa a moɗa, ya shanye, ya miƙo na ƙara masa. Can ya nuna ramin, ya ware hannuwansa biyu, ya nuna karen, ya nuna kansa.

"Gobe," in ji shi, "ka ƙara masa faɗi."

Washegari ina sallame sallar asuba na ɗauki shebur.